Yawan Kilomita Kaɗai Ba Ya Isar Mai Tseren Sha'awa: Martani Kan Horon Hunturu

Wani marubucin harkokin tseren keke ya wallafa maƙala inda ya yi kira ga masu tseren sha'awa, wato waɗanda ke shiga gasa ba don albashi ba alhali suna da sana'ar da suke ci da ita, da su ajiye jadawalin horo su kuma ƙaurace wa ɗaga ƙarfe a watannin da ba a gasa, su koma ga abin da ya ɗauka shi ne tafarkin 'yan mazan jiya, wato tuƙi mai nisa a hankali tun daga Nuwamba har Fabrairu. A ganinsa jadawali yana mayar da abin nishaɗi ya zama aikin ofis na biyu, ƙarfe yana ƙara wa mahayi nauyin da zai ja a kan hawa, kuma duk awar da aka ɓatar a ɗakin motsa jiki an sace ta ne daga sirdi. Wannan ra'ayi yana da farin jini domin yana da sauƙin bi, kuma akwai gaskiya a wani sashensa, sai dai ginshiƙinsa ya karkace, domin ya ɗauko shawarar da ta dace da mutumin da keke ne aikinsa ya ɗora wa mutumin da keke ne abin da yake yi bayan tashi daga aiki.

Domin kada muhawarar ta tsaya a kan zato, ya dace a ɗora ta a kan gasa ta zahiri. La Marmotte tsere ne na masu sha'awa da ake yi a tsaunukan Alps na Faransa a farkon lokacin zafi na Turai, tsawonsa kimanin kilomita 174, hawan da ke cikinsa kuwa ya kai kusan mita 5,000, yana ratsa mashigin Glandon da Télégraphe da Galibier mai tsayin mita 2,642, sannan ya ƙare da hawan Alpe d'Huez mai kwana 21 da tsawon kusan kilomita 14. Wanda ya yi rajistar wannan tsere daga Ingila ko Holan galibi malamin makaranta ne ko akawu ko injiniya mai shekara arba'in da 'yan kai, mai iyali, wanda abin da zai iya warewa bai wuce awa 7 ko 8 a mako ba, kuma a watan Disamba hasken rana a Landan bai cika awa 8 ba, su ma ɗin suna faɗawa ne a daidai lokacin da yake wurin aiki. Ƙwararren da marubucin ke kwaikwayo kuwa yana yin awa 20 zuwa 30 a mako, yana tara kilomita kusan 30,000 a shekara, a watan Disamba ƙungiyarsa ta kwashe shi zuwa Calpe a gaɓar tekun Sifaniya inda ake samun rana, kuma idan ya sauka daga keke babu abin da ke jiransa sai abinci da tausa da barci. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma a nan gibin da ya bari ya kai awa goma sha biyar a kowane mako.

Gaskiya ne cewa tuƙi mai sauƙi na dogon lokaci shi ne harsashin juriya, domin yana yawaita ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, yana ƙara mitokondiriya, wato ƙananan sassan ƙwayar tsoka inda ake sarrafa abinci da iskar oksijin a samu kuzari, yana kuma koya wa jiki dogaro da kitse maimakon sukarin da ke ajiye. Stephen Seiler, Ba'amurken masanin da ke koyarwa a Norwe, ya nuna cewa manyan 'yan wasan juriya suna yin kusan kashi 80 cikin ɗari na horonsu a wannan mataki mai sauƙi. Abin da marubucin ya tsallake shi ne cewa amfanin horo mai sauƙi yana tattare da yawansa, ta yadda awa 20 na tuƙi a hankali babban nauyi ne da ke tilasta wa jiki ya sauya, amma awa 6 ga mutumin da ya shekara biyar yana hawa ba su wuce abin da jikinsa ya riga ya saba da shi ba. Ya kuma tsallake ragowar kashi 20 ɗin, wanda shi ne horo mai tsanani da waɗannan 'yan wasa ke yi da gangan a ranakun da aka ƙayyade. Binciken Edward Coyle da abokan aikinsa na 1984 ya nuna cewa ƙololuwar oksijin da jiki ke iya amfani da ita, wadda masana ke rubutawa da VO2max, tana sauka da kimanin kashi 7 cikin ɗari a mako uku na farko bayan an daina horo, ta kai kusan kashi 16 bayan mako takwas. Jerin gwaje-gwajen Robert Hickson a shekarun 1980 kuwa sun nuna cewa ana iya rage yawan ranakun horo ko tsawonsa da kashi biyu bisa uku har tsawon mako 15 ba tare da wannan ma'auni ya faɗi ba, muddin ba a rage tsananinsa ba, amma da zarar an rage tsanani sai ya fara zubewa. Shawarar marubucin ke nan ta umarci mai ƙarancin lokaci da ya saki abu ɗayan da ke riƙe masa ƙarfinsa, ya kama abin da ba shi da halin yin isasshensa.

Hujjar 'yan mazan jiya ba ta buƙatar dogon bayani, domin tarihi bai goyi bayanta ba. Eddy Merckx ya ci gasar kwana shida ta cikin ɗaki har sau 17, mafi yawansu tare da Patrick Sercu, kuma a hunturu ake yin waɗannan gasa, cikin gudu mai tsananin da babu irinsa a tuƙin hira. Roger De Vlaeminck ya zama zakaran duniya a 1975 a tseren taɓo, wanda ake yi a cikin sanyi ana saukowa a saɓa keke a kafaɗa a hau tudu da gudu, kuma wannan hanya ce Mathieu van der Poel da Wout van Aert suke bi a yau.

Game da jadawali, marubucin ya siffanta shi kamar wata sarƙa da ke ɗaure mahayi ga lambobi, alhali asalinsa ya fi haka sauƙi. Rarraba shekarar horo zuwa zango-zango, yadda masanin Tarayyar Sobiyet Lev Matveyev ya tsara a shekarun 1960, ya ginu ne a kan cewa jiki yana ƙaruwa a lokacin hutun da ke biyo bayan wahala, saboda haka dole a riƙa ƙara nauyi sannu a hankali, a riƙa sassautawa a kan kari, a kuma jinkirta horon da ya fi kama da gasa har sai gasar ta matso. A aikace, mai awa 8 zai huta ranar Litinin, ranar Talata da daddare ya girke kekensa a kan na'urar tuƙin cikin gida, a gareji ko a lungun falo da fanka a gabansa da tawul a kan kan keken saboda gumi, ya yi awa ɗaya wadda a cikinta akwai zubi huɗu na minti takwas-takwas masu tsanani da ɗan hutu a tsakaninsu, ya ɗaga ƙarfe Laraba da Juma'a, ya yi tuƙi mai sauƙi ranar Alhamis ko Asabar, ranar Lahadi kuma ya fita da 'yan kulob ɗinsa na awa uku. A kowane mako na huɗu sai a rage komai da kusan rabi. Mai na'urar auna ƙarfin feda yana iya gwada kansa na minti 20 ya ɗauki kashi 95 cikin ɗari na abin da ya samu a matsayin ƙiyasin ƙarfin da zai iya riƙewa na kusan awa ɗaya, kamar yadda Hunter Allen da Andrew Coggan suka yaɗa a littafinsu na 2006, wanda ba shi da ita kuwa bugun zuciya ya ishe shi, ko ma ya lura da ko yana iya magana cikin nutsuwa yayin tuƙi.

Babban aikin jadawali ga mai sha'awa shi ne hana shi faɗawa tsaka-tsaki, kuma wannan ne marubucin bai lura da shi ba. Mahayin da aka bari da ra'ayin kansa, wanda ya san lokacinsa kaɗan ne, kusan kullum yakan tuƙa a matakin da ya wuce sauƙi amma bai kai tsanani ba, domin a nan ne yake jin ya yi aiki, musamman idan yana cikin abokai da kowa ke ƙin a bar shi a baya. Sakamakon haka ranakun da ya kamata su zama na farfaɗowa suna gajiyar da shi, ranakun da ya kamata ya ƙure kansa kuma ba shi da ƙafar yin haka, sai watanni su shuɗe yana nan inda yake. Tuƙi a hankali da marubucin ke yabo, a haƙiƙanin gaskiya, mai jadawali ne ya fi iya yin sa.

Batun ƙarfe ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan ne marubucin ya jingina da kimiyya, kuma a nan ne ya karanta ta a juye. Ya ambaci abin da ake kira cin karo tsakanin horon ƙarfi da horon juriya, wanda ya samo asali daga gwajin Hickson na 1980 a Chicago, inda aka raba mutane gida uku na tsawon mako 10: masu ɗaga ƙarfe kaɗai, masu gudu da tuƙi kaɗai, da masu haɗa biyun. Abin da gwajin ya gano shi ne cewa ƙarfin ƙafar masu haɗawa ya daina ƙaruwa wajen mako na bakwai, daga baya ma ya fara raguwa, amma juriyarsu ta ƙaru daidai da ta waɗanda ba su taɓa ƙarfe ba. Wanda cin karon ya cutar ke nan shi ne mai neman zama gwanin ɗaga ƙarfe, mai tseren keke kuwa bai yi asarar komai ba. Hickson ɗin da kansa ya dawo a 1988 ya ƙara wa mutanen da suka riga suka horu da juriya ɗaga ƙarfe sau uku a mako na mako 10, sai lokacin da suke iya jurewa a kan keke a kashi 80 cikin ɗari na ƙololuwarsu ya tashi daga minti 71 zuwa 85.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi a maƙalar ita ce ta lissafi, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Mahayin da ke fitar da wat 250 yana juya feda sau 90 a minti yana danna ta ne da matsakaicin ƙarfin da bai wuce nauyin kilo 16 ba, abin da ko yaro zai iya, don haka marubucin ya tambaya me zai sa a koyi tsugunno da kilo 100 domin aikin kilo 16. Amsar tana cikin maimaitawa, domin wannan juyi yana faruwa sau 5,400 a awa ɗaya, kuma tsoka ba dunƙule ɗaya ba ce. Tana da zaruruwa masu jinkiri, waɗanda ba sa saurin gajiya kuma suna tattalin makamashi, da zaruruwa masu hanzari, waɗanda ke da ƙarfi amma suna cinye sukarin tsoka da sauri. Jiki yana fara amfani da masu jinkirin, idan suka gaji bayan awanni sai ya riƙa kiran masu hanzarin su taimaka, daga nan ne mahayi ke ganin bugun zuciyarsa yana hawa alhali gudunsa bai ƙaru ba. Bayanin da masu bincike suka fi karkata gare shi shi ne cewa idan masu jinkirin suka ƙara ƙarfi, kowane danni yana cin ƙaramin kaso na abin da suke iyawa, don haka ana jinkirta wannan kira, ana kuma adana sukari domin ƙarshen tafiya.

Bent Rønnestad da abokan aikinsa a Lillehammer ta Norwe sun gwada wannan kai tsaye. Sun sa horarrun mahaya ɗaga ƙarfe mai nauyi sau biyu a mako na tsawon mako 12 a kan horonsu na keke, sannan suka sa su tuƙi na minti 185 a mataki mai sauƙi, aka bi shi nan take da minti 5 na iya ƙarfinsu. A sakamakon da aka wallafa a 2011, masu ɗaga ƙarfen sun nuna raguwar bugun zuciya da shan oksijin a awa ta ƙarshe ta dogon tuƙin, ƙarfinsu a minti biyar ɗin kuma ya tashi daga kimanin wat 371 zuwa 400, wato kusan kashi 8 cikin ɗari, abin da ba a gani ba ga waɗanda suka tsaya a kan keke kaɗai. Kaurin tsokar cinyarsu ya ƙaru da ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, nauyin jikinsu gaba ɗaya bai sauya ba, wanda hakan ya amsa fargabar ƙiba. A wani gwajin na Norwe na 2010, Arnstein Sunde da abokansa sun samu ingantuwar tattalin makamashi da kusan kashi 5 cikin ɗari bayan mako 8 na rabin tsugunno kawai, a Denmak kuma Per Aagaard ya samu ƙarin kusan kashi 8 cikin ɗari a gwajin minti 45 ga matasan ƙwararru bayan mako 16. Muhimmancin wannan ga mai shirin La Marmotte a bayyane yake, domin yana isa gindin Alpe d'Huez ne bayan ya yi kilomita 160 da manyan tsaunuka uku, kuma abin da ke raba wanda ya hau kwanoni 21 ɗin a kan sirdi da wanda ya zauna a bakin hanya shi ne ragowar ƙarfin da ke cikin ƙafar da ta riga ta gaji.

Aikin da ake magana a kansa ba shi da yawa, kuma bai yi kama da na masu gina ƙirji ba. A gwajin Lillehammer motsi huɗu ne kawai: rabin tsugunno da sandar ƙarfe a kafaɗa, tura nauyi da ƙafa ɗaya a kan na'ura, ɗago cinya daga ƙugu, da ɗagawa a kan yatsun ƙafa, kowanne zubi uku, da nauyin da mutum ba zai iya maimaitawa fiye da sau 4 zuwa 10 ba. An zaɓi rabin tsugunno ne domin lanƙwasar gwiwa a cikinsa ta yi kusa da yadda take a saman juyin feda, ana sauka a hankali, a miƙe da niyyar sauri ko da sandar ba ta tafiya da sauri. Duka zaman bai cika wuce minti 45 ba. Wanda bai taɓa yi ba ya wajaba ya shafe makonnin farko da nauyi mara yawa a gaban wanda ya iya, saboda zuciya da huhun mahayi sun riga jijiyoyinsa da gadon bayansa horuwa, kuma hakan na iya ruɗarsa ya ɗora abin da gaɓoɓinsa ba su shirya wa ba. Ciwon cinya na kwana biyu ko uku da ke biyo bayan zaman farko shi ne dalilin da ya sa ake farawa a Nuwamba, lokacin da babu gasar da za a lalata.

Zargin satar lokaci yana da tushe, tun da yawancin waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne da mutane ƙalilan, horarru, masu lokacin da ya fi na malamin makaranta, kuma ba kowa ne ke samun ƙarin da matsakaicin lissafi ya nuna ba. Duk da haka akwai gwajin Holan na 2001 inda aka musanya kashi 37 cikin ɗari na lokacin keke da horon ƙarfi mai hanzari na mako 9, juriya ba ta ragu ba idan aka kwatanta da waɗanda suka ci gaba da keke zalla. Sannan akwai dalilin da ya wuce gasa, wanda maƙalar ba ta ko ambata ba, kuma wannan shirun ne ya fi damuwa a cikinta. Keke yana ɗauke wa ƙashi nauyin jiki, ƙashi kuwa yana riƙe kaurinsa ne idan ana danna shi ana girgiza shi. A wani bincike na Jami'ar Missouri na 2008, kashi 63 cikin ɗari na mahaya maza da aka auna suna da ƙarancin ma'adinin ƙashi a kashin baya ko ƙugu, a masu gudu kuwa kashi 19 ne, kuma wannan wasa ne da faɗuwa a kan kwalta ba baƙon abu ba ne a cikinsa. Tsoka ma tana raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma bayan shekara talatin, zaruruwa masu hanzari ne kuma suka fi tafiya, waɗanda tuƙi a hankali bai cika taɓawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta shawarci kowane baligi da ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, ko yana tsere ko ba ya yi, don haka gaya wa mai shekara 45 ya guje shi shawara ce da illarta ba za ta bayyana a sakamakon gasar bana ba, sai bayan shekara ashirin.

Inda marubucin ya fi gaskiya shi ne kan jin daɗi. Akwai jadawalai da ake sayarwa waɗanda ke cika mako da zaman tsanani huɗu ko biyar a cikin ɗaki, kuma akwai mahayan da ke kaiwa ƙololuwarsu a Fabrairu, zuwa Mayu sun gundura ba sa son ganin keken, wasu ma rashin barci da yawan mura sun kama su. Wannan laifin mummunan jadawali ne, wanda ya manta cewa gajiyar ofis da rashin lafiyar yaro da dare su ma nauyi ne a kan jiki ɗaya, kuma maganinsa shi ne a rage zaman tsanani zuwa ɗaya ko biyu, a bar mako biyu ko uku na cikakken hutu bayan gasar ƙarshe, a kuma kare fitar ranar Lahadi da tsayawarta a shagon kofi. Kalandar ma ba lallai ta zama ta Turai ba, domin a yankin Sahel watannin sanyi ne suka fi daɗin tuƙi in ban da ƙurar hunturu, zafin Maris zuwa Mayu ne ke korar mahayi daga titi, don haka a can zangon ƙarfe zai fi dacewa da bazara.

Akwai kuma wani kuskure da masu goyon bayan ƙarfe su kansu suke yi, wanda ke bai wa irin wannan maƙala abin kamawa, wato su yi ta ɗagawa har Fabrairu sannan su daina ɗungurungum da zarar gasa ta fara, daga baya su ce ba su ga amfaninsa a Yuli ba. Rukunin Rønnestad ya nuna cewa zama ɗaya a mako ya riƙe ƙarfi da kaurin tsokar da aka samu har tsawon mako 13 na kakar gasa, wani gwajin nasu na 2016 kuma ya nuna cewa mako 8 na dainawa sun isa su shafe mafi yawan ribar. Mai shirin La Marmotte ke nan zai yi zama biyu a mako daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya koma ɗaya daga Maris yayin da tuƙin ƙarshen mako ke tsawaita zuwa awa biyar ko shida, ya sanya zaman a ranar da ba ta gabaci horo mai tsanani ba, ya kuma ajiye sandar kamar mako guda kafin ranar tsere.